Muryar Sada a Ƙofar Mota

Duk Kankia babu wanda bai san motar Kabir ba, don tun kafin ta shigo tasha ake jin dum-dum ɗinta a ƙirji. Wata ƙatuwar sifika ya girka a but, can bayan motar, yana ji da ita kamar ɗan fari. Fasinjojin Kusada sun yi ƙorafi har sun gaji.

Kakarsa Ma'u ce ta sa ya sauko. Kunnenta ya yi nauyi, ɗanta Sada kuma yana aiki can Fatakwal, saƙon murya kawai yake turowa ta wayar Kabir. Ko an kara mata wayar ba ta ji, sai dai a faɗa mata abin da ya ce, abin kuwa yana cin ta. Rannan Kabir ya zaunar da ita gaban mota, ya haɗa wayar, ya ƙure sauti. Gilasai suka ɗauki rawa.

"Kai mijin banza," in ji ta, "wanga Sada ne ko hadari?"

Ya yi dariya, amma ya ga idonta ya ciko.

Washegari ya kai motar wurin abokinsa Ashiru mai gyaran rediyo. Ashiru ya leƙa but ya taɓa wani ɗan maɓalli jikin amfilifaya.

"Kirosoba ke nan, shi ke raba sauti. Ka sakar wa babbar sifikar komi, har muryar mutum take haɗiyewa. In na rage ta, murya ta koma sifikun ƙofa. Amma fa rugugin naka zai ragu."

Kabir ya dubi ƙatuwar sifikar tasa, don rugugin nan shi ne sunansa a tasha.

"Rage."

Suka yi ta murɗawa suna saurare, har magana ta fito tas.

Da la'asar ya sake ɗauko tsohuwa. Sallamar Sada na fitowa ta dafa ƙofar motar ta amsa da ƙarfi, fuskarta ta washe. Daɗi ya kama Kabir har wuya. Can sai ta ɗaga hannu.

"Tari yake yi! Ku duk ba ku faɗa mani ba."

"'Yar mura ce, Kaka."

"Ni na haife shi, kai za ka gaya mani? Gobe ka aika mashi da citta da kanumfari." Ta gyara zama, ta jingina kunnenta da ƙofar. "Maido shi farko."