Tiya Bisa Kan Mai Gemu

"Matso da shi ga rana, Zalihatu, ki hwaɗa mini mi kika gani."

Mushe Ɗantala (Mushe shi ne Malam a bakin 'yan boko) yana kwance a zaurensa na Dogon Dutsi, ciwon suga ya cinye masa idanu, ya bar shi ƙashi da rai. Tun yana karatun noma a Bulgariya yake tara kwabban tagulla na daular Rum, masu kawuna biyu suna kallon juna. Kowanne da ambulan ɗinsa, da sunan sarki da garin da aka buga shi. Ɗaya ne ya gagare shi shekara arba'in, kuma ya ce ba ya son ya tafi ya bar shi ba suna.

Zalihatu, maƙwabciyarsa mai sayar da hatsi, ko bihim ba ta sani ba a boko. Amma da mijinta ya rasu, wannan tsohon ne ya ba ta ƙofar gidansa ta kasa gero. Abin da ya nema, ko idonta ne, za ta ba shi.

Ta ɗaga kwabon ga rana ta ce, "Na hagu yaro na, ba shi da gemu."

"Wanga sarki Gordiyan na. Ta dama matatai ta, amma suman ta ƙi yin daidai da littahi."

Zalihatu ta murza kwabon da bakin zane, ta tuntsire da dariya.

"Baba, wace irin mata da gemu? Kuma wagga ba suma ba ta, tiya ta bisa kai nai. Ni da awo kullum, ko cikin barci na san tiya."

Sai ga hawaye a idon tsohon.

"Serapis! Gunkin Masar mai ma'aunin hatsi bisa kai. Shekara arba'in ina aura ma sarki ƙato! Amina, kawo biro."

'Yarsa Amina ta riƙe masa hannu, ya rubuta. Ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar uku Amina ta fito da ambulan ɗin, ta tsuguna gefen gero.

"Inna, ya sa sunanki. Ya rubuta ke kika gane shi."

Zalihatu ta ji daɗi ƙwarai, sai "Allah ya jiƙan Baba" take maimaitawa. Ta duba layukan nan karkatattu.

"Wanne na nawa?"

Amina ta nuna mata. Zalihatu ta goge dusa daga yatsanta kafin ta taɓa.