Kwalbar Fermín Ta Ƙarshe

Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin Don Eusebio Lucero a garin Luján ya sha faɗa a kan abu guda: kwalbar jar giyar inabi kwantar da ita ake yi, a duhu, a wuri mai sanyi, don ruwan ya riƙa jiƙa matoshinta. Ka tsayar da ita, matoshi ya bushe, iska ta shiga, shi ke nan ta lalace. Shekara arba'in ya yi yana wannan wa'azin a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na kamfanin giyar da ya yi wa aiki. Matarsa Herminia takan ce ko tsintsiya ya gani a jingine sai hankalinsa ya tashi.

To shi ɗin nan, uban 'yan wa'azi, shi ne ya tsayar da kwalbar Fermín shekara huɗu cur a kabad ɗin kicin, bango ɗaya da murhu.

Fermín amininsa ne tun suna yara. Yana da 'yar gonar inabi a bakin hanyar ruwa, ganga guda yake cikawa a shekara, kuma Eusebio bai taɓa sa abin da ya fi ta a baki ba. Da ciwo ya ci ƙarfin Fermín sai ya kawo masa kwalba ɗaya daga gangarsa ta ƙarshe, ya ce, "Ta Nélida ce. Ka ajiye mata sai ta haifi ɗanta na fari. Kai kaɗai na yarda da hannunka." Lokacin 'yar tasa shekararta tara. Bayan rasuwarsa aka sayar da gonar, aka tumɓuke inabin, aka yi gidaje.

Shekara goma sha shida kwalbar na kwance lafiya lau a ɗakin ƙasa na gidan Eusebio. Sai gwiwa ta ci amanarsa. Matakala goma sha biyu ta gagare shi, girman kai kuma ya hana shi gaya wa kowa. Ranar da ya hauro da rarrafe ya rungumo kwalbar, ya ce bari ya sa ta a kabad mako guda kafin ya samo mata wuri. Kabad ɗin ba shi da zurfin da za ta kwanta. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara, idan ya buɗe neman gishiri sai ya kau da kai.

Ran Lahadin nan da rana Nélida ta iso daga birni da mijinta Ramiro da jaririya 'yar wata biyu. An shimfiɗa tebur a inuwar zaitun, haƙarƙarin saniya na kan garwashi tun hantsi. Eusebio ya goge kwalbar, ya fito da ita a kwance a kan tafukansa biyu, sai ka rantse yanzu ya hauro da ita daga ƙasa.

"Kai, tsoho, irin wannan lallaɓa!" in ji Herminia. "Ko ni ranar aure ba ka ɗauke ni haka ba."

"Ke ai ba kya lalacewa," ya ce, aka yi dariya. Shi kuwa gumi ne ke bin bayansa.

Ya murɗa ƙarfen buɗewa, ya ja. Matoshin ya rabe biyu, gari ya zuba masa a yatsa. Ya yi maza ya tura guntun cikin aljihu. Babba ke fara ɗanɗanawa, don haka ya tsiyaya kaɗan a kofinsa. Launin ya koma na ruwan shayi. Ya kai hanci, tsami ya doke shi. Wallahi a nan ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma ya juya kofin a hankali irin na gwanaye, ya kurɓa, ya haɗiye.

"Yaya, Baffa?" Nélida ta tambaya, idonta cike da hawaye.

"Ta tsufa," ya ce. Ya zuba wa kowa.

Ramiro ya kurɓa, ya yi tari, ya kai hannu ga burodi. Herminia ta ajiye kofinta, ta zuba wa mijinta ido. Nélida ta sha sau ɗaya, ta daure ta sake sha, fuskarta na ƙoƙarin yin murmushi.

"Ashe haka giyar Baba take," ta ce a hankali. "Tana da… ƙarfi."

Ramiro ya dafa kafaɗarta. "Ai na gida haka suke, masoyiya. Mutanen da can ba su da kayan aiki. Niyyarsa ce abin dubawa."

Nélida ta gyaɗa kai, ta yarda. Abin da ya karya Eusebio ke nan. Idan ya yi shiru, sunansa ya tsira, amma yarinyar nan za ta koma birni, ta girmar da 'yarta, tana cewa kakanki mutumin kirki ne, sai dai bai iya giya ba. Fermín kuwa ba shi da bakin da zai ce a'a, ba shi da wata kwalbar a duniya.

Ya ciro guntun matoshin daga aljihu, ya ajiye a tsakiyar tebur.

"Ƙarya ne," ya ce. "Ubanki ya fi duk wanda na sani iyawa. Ni na kashe ta. Shekara huɗu tana tsaye kusa da murhu, don ina jin kunyar in ce ƙafata ta daina kai ni ƙasa."

"Eusebio!" Herminia ta dafe ƙirji. "A kabad ɗina? Bayan tulun mai? Haba, da ka yi magana ai da ni na sauka da ita!"

Bai iya ɗaga kai ba. Kitse na ɗiga a garwashi, ba wanda ya tashi ya juya naman. Ya jira Nélida ta yi kuka ko ta zage shi, da hakan ma ya fi masa sauƙi.

Sai ta miƙa wa Ramiro jaririyar, ta ture kofinta gefe, ta jawo kujera har gwiwarta na taɓa tasa.

"Baffa, ka sha daga gangar nan lokacin yana raye?"

"Na sha. A tsaye, ni da shi, ranar da ya buɗe ta."

"To yanzu a bakinka kaɗai ta rage. Gaya mini yadda take."

Ya buɗe baki. Ya san akwai busasshen ɓaure a ciki, akwai ƙamshin ƙasa ranar da aka saki ruwa a gona. Amma mutumin da ya shekara arba'in yana gaya wa mutane ɗanɗanon abu ya lalubi harshensa, bai tarar da komai a kai ba sai tsamin da shi ya jawo.

Nélida ta zuba ruwa a kofi, ta sa masa a hannu.

"Kurkure bakinka, Baffa," ta ce. "Shekara ashirin nake jira. Ba inda za ni."