Kaset Cikin Leda

Wata leda Auta ya fara gani, a kwandon shara na bakin falo. Siririya ce mai ƙyalli, an yage ta daga kusurwa, da tambarin wani kanti na ƙasar waje manne a jikinta. Ya sunkuya ya ɗauka. Akwai wasu irinta da yawa a ƙarƙashi.

Kiɗa na fitowa daga ɗakin yayansa. Duk wanda ya taɓa kwana a gidan nan ya san shi. Na wata ƙungiya ne ta mutum uku masu kiɗa da na'ura, ba ganga ba jita, sai amo mai sanyi da murya kamar daga cikin rijiya. Yayan nasa, Injiniya, ya kamu da son su tun yana karatu a waje. Abokansa sun dawo da mota da firji, shi da akwatin kaset ya sauka, kuma bai daina nema ba har furfura ta cim masa. Waƙoƙin ɗaya ne, amma kowace ƙasa da irin bugunta. Wani kwalinsa ja, wani an ɗaure shi da siririyar takarda mai rubutu daga sama zuwa ƙasa, wani an cire masa hoton gaba saboda hukumar can ba ta yarda da shi ba. Na saurare suna ƙasan kabad. Na sama, bayan gilashi, suna nan cikin ledarsu yadda suka fito daga masana'anta, kuma ba a buɗe su. Injiniya yakan ce kaset in aka buɗe shi ya zama na kowa.

Yanzu wata da watanni ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta ɗauke. Auta a wani gari yake aiki, sai ya samu sarari yake leƙowa.

Ya yi sallama ya shiga. Injiniya na kan kujera kusa da taga, an tokare shi da matasai, bakinsa ya ɗan karkace. Matarsa na zaune a bakin gado da rikoda a gefenta.

“Ka ga ɗan halak,” ta ce. “Sai da tukunya ta sauka ka iso. Hancinka bai taɓa yi maka ƙarya ba.”

“Anti, ina wuni. Ya mai jiki?”

“Ga shi nan ka tambaye shi. Yau har harara na samu.”

Auta ya durƙusa ya kama hannun yayansa na hagu. “Yaya, sannu.” Injiniya ya dube shi, sannan ya kai idonsa kan kabad, ya dawo da shi, ya sake kaiwa. Auta ya bi idon. Layin sama ya zama kamar bakin tsoho, giɓi ko'ina. Guda ɗaya ya rage a cikin leda, can ƙarshe, mai farin kwali.

Ya san wannan. Bugun wata ƙasa ne da yanzu ba ta kan taswira, an buga kaɗan aka rufe masana'antar. Lokacin da shi ma ya je karatu, Injiniya ya dame shi da waya har sai da ya hau jirgin ƙasa cikin tsananin sanyi, ya je wani ƙauye ya karɓo shi daga hannun wani tsoho. Tsohon ya naɗe shi cikin safa, ya miƙo masa yana kawar da kai.

“Anti, ko za mu yi magana a waje?”

Ta rage ƙarar rikodar, ta gyara wa mijinta matashi, ta wuce gaba. A kicin ta tsaya, ta ɗauki tsumma tana goge teburin da ba shi da datti.

“Na saman nan ba a buɗe su,” ya ce. “Na ɗauka kin sani.”

“Likita ya ce a riƙa sa masa abin da yake so.”

“Na ƙasa ake sa masa. Waɗannan rayuwarsa ya ƙarar a kansu. Kina gani yana kallo, ba shi da bakin hanawa.”

“Ka gama?”

Ya gyaɗa kai.

“Na farkon kuskure ne,” ta ce. “Na ƙasan duk sun saki, murya na rawa. Na ce ga sababbi an jera kamar kwanukan baƙi, ai wata rana ake jira da su, wace rana ce kuma ta wuce wannan? Na ɗauko ɗaya na yage a gabansa. Auta, hannun nan da mai gashin ƙashi ya yi ta murzawa bai ko motsa ba, sai ga shi ya tashi daga kan cinya. Ya kusa kai ƙirji.”

“Don ya hana ki ne.”

“Ka ɗauka ban sani ba? Tun kana makaranta nake share musu ƙura. Na san fuskarsa in ya ji daɗi, na san ta in ransa ya ɓaci. Ranar nan, da yana iya magana, da ya sake ni.” Ta ninke tsumman. “Na gwada hotunan yara. Na kawo jikarsa na ɗora masa a cinya. Na yi masa kuka, na yi masa tsiya, har ce masa na yi zan tattara kayana. Ko yatsa. Leda kawai yake ɗaga wa hannu. Ka ga matsayina a gidan nan.”

Ta faɗa tana murmushi, amma ba ta dube shi ba.

“Mai gashin ya san yadda kike yi?”

“Ya ce duk abin da nake yi in ci gaba. Ya ce in hannun ya saba tashi a watannin nan, zai iya dawowa. In aka wuce, shi ke nan.” Ta jingina da bango. “Kowace safiya ina shiga yana bin hannuna da ido kamar na ɓarawo. Da in na ba shi shayi yakan lumshe ido. Yanzu kulle baki yake.”

“To a bar na ƙarshen. A bar masa ɗaya.”

“Shekaranjiya hannun ya kai haɓarsa. Saura kaɗan ya riƙe cokali.” Sai a lokacin ta ɗago. “Kwana biyu ina tsayawa gaban kabad ɗin nan na kasa buɗe shi. Ni ya riga ya tsane ni, ya saba. Kai ne ka kawo masa shi. In ya gan shi a hannunka, ban san inda hannun zai tsaya ba.”

“Anti, wannan ai zalunci ne.”

“Eh. Kana da wani maganin?”

 Ya tsaya yana kallon famfo na ɗiga a cikin kwano.

Da suka koma, kaset ɗin da ke ciki ya ƙare, ɗakin ya yi tsit. Auta ya zuge gilashin. Farin kwalin ba shi da nauyi ko kaɗan. Ledar ta yi rawaya a gefe, amma ko ƙwarzane babu. Ya jawo kujera ya zauna daidai gaban yayansa, ya riƙe kaset ɗin inda hannu zai iya kaiwa in ya miƙe sosai. Anti ta tsaya ta ɓangaren hagu, ta dafe lafiyayyen hannun da tafukanta biyu.

“Yaya,” ya ce. “Zan buɗe. In ba ka so, karɓi abinka.”

Injiniya ya dubi kaset ɗin. Numfashinsa ya sauya. Yatsun dama suka yi rawa a kan zane, babban ya ɗan ɗaga.

“Yauwa,” Anti ta ce a hankali. “Zo ka ƙwace. Yaron nan ba shi da kunya, kai ka goya shi.”

Auta ya sa farce a kusurwa. Ya jira. Ya ƙara matso da shi. Sai Injiniya ya ɗauke ido daga kan kaset ɗin ya sauke a fuskar ƙaninsa. Ba harara ba ce. Kallo ne dogo, irin wanda ake yi wa baƙo ana neman inda aka san shi. Yatsun suka kwanta.

“Ci gaba,” ta ce. “Sai ya ji ƙarar yake tashi.”

Ledar ta tsufa, ba ta yi gardama ba. Ta tsage tun daga sama har ƙasa, ta zame ta faɗi tsakanin ƙafafunsu.

Hannun bai motsa ba. Suka jira. A waje wata mota ta wuce, wani ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta har aka buɗe masa. Injiniya ya juyar da kansa wajen taga a hankali, iyakar yadda wuyan ke bari, ya rufe ido.

Auta ya zauna riƙe da kwalin, bai san inda zai ajiye shi ba. Anti ta saki hannun mijinta, ta gyara masa wuyan riga, ta goge masa gefen baki da bakin gyalenta. Sannan ta je ta tsaya gaban kabad, tana duban layin sama daga wannan gefe zuwa wancan.

“Auta,” ta ce, ba ta waiwayo ba. “Gobe kuma me za mu buɗe?”