Babban Yatsan Iya Mai Wanki

"Sake ɗorawa, Iya. Kar ki danna da ƙarfi."

Iya Mai Wanki ta sake ɗora babban yatsanta a kan gilashin na'urar. Fitilar ta ƙyafta, ta koma ja. Tela, maƙwabciyarta da ta rako ta asibitin gwamnati, ta ji 'yan layi sun fara tsaki a bayansu.

"Gwada na hagu," in ji ma'aikacin.

"Na hagun ma ɗan'uwan na daman ne, ɗan nan. Tare suka yi aikin."

Ya juya tafin hannunta ya duba. Yatsun sumul kamar bayan cokali, sabulu da ruwa sun cinye zanen tun da daɗewa.

"In na'ura ba ta gane ki ba, ba zan iya sabunta katin maganinki ba."

"Kai ba ka gane ni ba?"

"Ni na gane ki, Iya. Ita ce ba ta gane ki ba." Ya sassauta murya. "A hutar da hannun, a riƙa shafa mai, kar ya taɓa sabulu. Wani sa'in zanen yana dawowa."

Da katin nan Iya ke karɓar maganin zuciya kyauta. A hanya Tela ta girgiza robar maganin kusa da kunnenta, ƙarar ba ta yi mata daɗi ba.

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida, ɗakin Iya na jikin na Tela. Ranar Tela ta ɗinka safar hannu da ragowar yadin wata kwastoma, ta mulke yatsun Iya da mai, ta zura mata, ta kife bahon wankin a saman banɗaki inda tsohuwar ba za ta kai ba.

Iya ta rasa inda za ta sa kanta. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa ƙofar gida, ta dawo ta tsaya a kan matar direba da ke wanki.

"Haka ake cuɗa wuyan riga? Lallashinsa kike yi?"

"To Iya, karɓi mana ki nuna min."

"An ɗaure ni, ba kya gani?" Ta ɗaga hannuwa cikin safa mai shuɗɗan furanni, gidan ya kwashe da dariya.

Tela ba ta yi dariyar ba. Ta ja keken ɗinkinta bakin taga, ido ɗaya a allura, ɗaya a kan Iya, har ta haɗa hannun riga a baibai. In ta gaji da zaman sai ta ɗauki mayafi ta fita. Ofishin jin daɗin tsofaffi yana hawa na uku, ta hau tana tunanin wane tsoho ne zai iya wannan matakala. Suka ce matsalar ta asibiti ce. Asibiti suka ce ta ofishin rajista ce. A can aka ce akwai jami'in da ke iya ɗaga wa mutum ƙafa, amma ya tafi kwas. Tela ba mai yawan magana ba ce, a kowane tebur sai ta ce "To, na gode," ta fito tana cizon leɓe.

Wata safiya ta tarar da Iya tana raba ƙwayar magani gida biyu da reza, ƙafafunta sun kumbura har silifa ya ƙi shiga. Washegari kuma ta kama ta a gindin famfo, safar a cinya, tana cuɗa ɗankwali a bokiti.

"Iya! Kashe kanki za ki yi?"

"Zaman nan ne zai kashe ni, 'yar nan. Ko gawa ai tana taɓa ruwa."

"Ki bar wannan maganar." Tela ta tsame hannun ta goge da zanenta. Muryarta ta karye, sai Iya ta miƙa mata ɗayan.

Da suka koma asibiti, sai da Iya ta huta a jikin bango kafin su kai tebur. Ta ɗora yatsan. Ja. Ta hura masa iska ta sake. Fitilar ta yi jim, ta koma kore.

"Ashe kin san ni, munafuka!" in ji Iya. Har 'yan layi suka tafa.

"Alhamdu lillahi," in ji ma'aikacin. "Yanzu sai a buga katin a hedikwata. Za a kira ku."

"Maganin fa?" Tela ta tambaya.

"Sai kati ya fito, Anti. Wallahi ba daga ni ba ne."

Lambar Tela aka rubuta, don Iya ba ta da waya. Suna isa gida Iya ta tuɓe safar ta ce a sauko mata da bahonta. Tela ta sauko da shi.

Gidan ya koma jin cuɗar da ya saba ji, a hankali, da hutu tsakani. Tela tana ɗinki tana leƙa waya. Ran nan da hantsi ta ɗaga ƙafa daga keke don ta canja zare, sai ta ji famfo yana zuba, babu cuɗa. Iya na kan kujerarta, kanta jingine da bango, hannuwanta a cikin baho, ruwa ya cika yana malala.

Bayan an daina zuwa gaisuwar rasuwar Iya, wayar ta yi ƙara.

"Katin ya fito. Mai shi ta zo da kanta, za ta ɗora yatsa kafin ta karɓa."

Tela ta dubi ƙofar ɗakin Iya. "To, na gode," ta ce.

Ta fito tsakar gida ta zauna a gindin famfo. Sabulun Iya yana nan a kan dutse, ya bushe ya tsattsage, da ɗan rami a tsakiya inda babban yatsa ya saba zama. Tela ta sa nata yatsan a ciki. Ramin ya yi mata faɗi.