Mai Unguwar Ƙetaren Kwata

Ni na tayar da ƙayar baya sai da Sarkin Hausawa ya raba unguwarmu ta Mile 2 Diobu da ke Fatakwal gida biyu. Na ce mun yi yawa, mai unguwarmu Alhaji Bubayero shi kaɗai ba zai iya da mu ba, ga kansilan mazaɓa ba ya tuna mu sai zaɓe ya ƙarato. Ban faɗa wa Sarki cewa sarautar nake so ba, amma shi ma ba yaro ba ne. Aka sa babbar kwata ta zama iyaka, aka ba ni ƙetare.

Na rufe shagona na albasa, na ɗinko babbar riga, na kafa benci a ƙofar gida ina jiran ƙara. Mahautan ɓangarena sukan gaishe ni da "ranka ya daɗe", sannan su tsallake kwata su kai wa Bubayero rigimarsu. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Har akuyar da ta ɓata a layina, a can aka yi cigiyarta.

Matata Zuliha ta yi magana har ta gaji. Albasa tana tsiro a buhu, ruwan Fatakwal ba ya ɗagawa, tukunya kuma sai a hankali. Ta ce in ban buɗe shago ba za ta kwashi yara ta koma Gusau. Na ce mata shugaba ba ya zaman awo.

Ranar Laraba Bubayero ya aiko kirana. Na yi zaton shawara yake nema, har na fesa turare. Ina shiga na tarar da Zuliha zaune a gefe, jakarta a ɗaure. Ashe ƙarata ta kawo.

Na ce wannan mata 'yar unguwata ce, ba shi da hurumi a kanta. Bubayero ya ce gaskiya ne, ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya ce to in yanke hukunci.

Na zauna. Na dubi jakar nan.

"Mai unguwa zai buɗe shago gobe," na ce.

"Yau dai, Baban Ikram," in ji Zuliha. "Motar Gusau ba ta cika ba tukuna."

Da babbar rigar na tsince ruɓaɓɓiyar albasa har la'asar.