Awon Bargon Mujahid

Kowace shekara, da an gama yankan gero sanyi ya fara leƙowa, sai in tarar da ƙafafun jikana Mujahid a waje. Bargo ya rufe kai, ya rufe ciki, ga 'yan yatsu can suna shan iska. Yaron nan tsawo yake yi kamar ana jan sa da igiya, ni kuwa ƙarfina kullum baya yake yi.

Uwarsa Hafsatu, ɗiyata, ita ta ɗinka bargon tana da cikinsa. A garin Agiye ta koyo wajen matan da ke koyar da ɗinki: guntayen atamfa a sama, tsohon zane ninki biyu a ciki, a bi da allura layi-layi. Ta gama shi tsaf, har da jan baki kewaye. Yaron bai fara zama ba Allah ya karɓi ranta. Aka kawo min shi nan Gangara naɗe a cikin bargon.

Duk wanda ya ce miki ƙara bargon da aka riga aka gama abu ne mai sauƙi, bai taɓa riƙe allura ba. Sai kin farke bakin nan a hankali, don ɗinkin Hafsatu ƙanana ne kamar tsaba. Ki nemo ƙyallen da ba zai ja tsohon ya yage ba, ki wanke shi ya gama shigewa, ki haɗa sama da sama, ciki da ciki, sannan ki mayar da baki. Jan bakin ya daɗe da kasa kewayewa, na cike shi da abin da na samu. Zannuwana na fita duk sun ƙare a ƙafafun yaron nan. In na yi masa gori sai ya ce ai miji ake yi wa hidima. Wai shi ne mijina, mutumin da ko wandonsa bai iya ɗaurewa da kyau ba.

Bana kuwa saƙo ya riga sanyi zuwa. Ubansa Lurwanu ya aiko daga Gidan Rumji cewa yaro ya isa lakol, wato makarantar boko, zai zo ya tafi da shi. Ban yi faɗa da kowa ba. Ɗansa ne, ya bar min shi fiye da yadda wasu ke bari. Amma na ji zafi, har tuwo ya fita raina.

Abin da ya tsaya min shi ne bargon. A can wa zai duba ƙafafunsa? Wa zai zauna farke baki? Sai na yanke cewa wannan karon zan ƙara shi gaba ɗaya, ya kai tsawon da yaron zai yi in ya zama mutum. To, tsawon nan a ina zan gan shi? Kowa ya san ƙirar ubansa ya ɗauko, har tafiyar. Uban kuwa surukina ne. Tun da ya auri ɗiyata ban taɓa kallon sa ido da ido ba, ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, shi kuma bai taɓa tsayawa a miƙe inda nake ba. Daga ƙofa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Wallahi ban san ko dogo ne sosai ba.

Ya zo da hantsi ranar kasuwa, ya durƙusa can gindin rumbu kamar kullum. Muka gaisa, kowa na kallon ƙasa. Na yi ta juya maganar a bakina har gaisuwa ta ƙare.

Na ce, "Baban Mujahid, tashi tsaye."

Ya ce, "Inna, mi ya hwaru?"

"Ba komi. Tashi dai, awo nike so."

Ya tashi kamar wanda za a yanke wa hukunci. Ashe har ya kusa taɓa bakin rumbu. Na ɗauko bargon na ɗora gefensa a kafaɗarsa, na sake shi. Ko gwiwa bai kai ba. Na durƙusa na auna ragowar da kamu har ƙasa, na ƙara ɗan taƙi saboda naɗe ƙafa. Da na ɗago sai na ga ba ni yake kallo ba. Tsakiyar bargon yake kallo, inda ƙananan ɗinkin Hafsatu suke.

Can ya ce, "Wanga aiki da yawa, Inna. Ki gama a tsanake. In kin gama ki aiko, in zo in ɗauke shi da bargon nai."

Na ce, "An buɗe lakol hwa."

Ya ce, "Na sani."

Ya sa takalminsa ya tafi neman mota, ya bar ni da wannan kaya. Da ya ɗauke yaron a ranar, da na yi kukana na huta. Yanzu in na yi sauri, ni na kore shi da hannuna. In na ja jiki, 'yan uwansa na can suna karatu shi yana nan yana korar awaki saboda son raina.

Don haka kullum da la'asar nake shimfiɗa tabarma in ɗauko bargon, baya na ciwo, wuya na ciwo. Ramin allura ya fi ƙarfin idona, Mujahid ke sa min zare. Jiya ya sa shi tashi ɗaya, ya miƙo min yana dariya, wai in yi maza ya ƙagu ya ga Gidan Rumji.

Na karɓa na ce masa, "To, maigida. Riƙe min gefen can, kada ya karkace."