Ranar da Masama Ta Musanta Shinkafarta

Malam Abdulgani bai gama sauko da ƙafarsa daga motar Gwandu ba, ɗansa Zayyanu ya riƙo hannunsa, ya ja shi bayan rumfar mai shayi a tashar Kalgo. Rigar aikin kamfani ce a jikinsa, ƙaiƙayin shinkafa har cikin gashin ido.

"Baba, ka ji mi manaja yac ce? In mutanen haraji sunka matsa musu, ruhe injin za su yi su tahi. Don Allah ka san abin da za ka hwaɗi."

"Kai za ka koya mani magana gaban hukuma?" in ji tsohon, yana gyara hula. "Koma bakin aikinka."

Ya faɗa da faɗa-faɗa, amma maganar ta tsorata shi. 'Ya'ya maza biyu Allah ya ba shi. Kabiru, babban, ya tafi haƙar zinariya da rashin aiki ya ishe shi, rami ya rufta da shi, ko gawarsa ba a kawo Masama ba. Zayyanu ma har ya ɗaure jaka zai bi sawu, sai kamfanin casar shinkafa ya buɗe a Kalgo ya ɗauke shi aiki. Tun daga nan duk Juma'a yana gida, yana cin tuwon uwarsa Delu. Wannan kaɗai Malam Abdulgani yake so a bar masa a duniya.

A ajin wata makarantar firamare aka tara manoman da ke sayar wa kamfanin shinkafa, daga Masama da Kambaza da Wurogauri. Dattawa da furfurarsu suka dunƙule a bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Jami'in harajin da ya zo, Shamsuddeen, saurayi ne siriri mai ladabi, har ya rusuna ya gaida su. Wannan ladabin ne ma ya sa Malam Abdulgani ya ƙara tsarguwa, don a saninsa hukuma ba ta rusuna wa talaka a banza.

Shamsuddeen ya yi musu bayani dalla-dalla. Kamfanin nan, in ji shi, yana da ɗan'uwa a wani tsibiri can bayan teku, inda ba a taɓa shuka ko ƙwayar shinkafa ba. Ɗan'uwan nan ba shi da injin, ba shi da ma'aikaci, suna ne kawai a jikin ƙofa. Duk ribar da aka samu a Kalgo sai a tura ta can da sunan kuɗin shawara da hayar suna, a nan kuwa a ce an faɗi, kada a biya haraji. Yanzu ƙasashe sun fara haɗa kai suna tona wa irin waɗannan asiri, ta haka aka gano tsibirin. Amma kamfanin ya kafe cewa damina ba ta yi kyau ba, shinkafar da ya samu ba ta taka kara ta karya ba.

"Shi ya sa muka zo wurinku, iyayena. Ku kuka noma, ku kuka kai. Baba, kai ne babba a nan. Yaya shinkafar bara ta yi?"

To, a nan gizo ke saƙar, da Shamsuddeen ya sani. A ƙasar nan manomi ba ya faɗin yawan abin da ya samu, ko ga maƙwabcinsa, don gudun bakin mutane. Ko rumbu na neman tsagewa, amsar ita ce an gode Allah, an samu na kunu. Balle ga mai haraji! Malam Abdulgani yana yaro ya sha kora shanun ubansa cikin fadama duk ranar da aka ji masu ƙirgen jangali sun doso. Bara kuwa shinkafa ta yi albarkar da bai taɓa gani ba tun da ya fara riƙe kalmen noma. Motocin kamfani sun yi ta jigila har hanyar Masama ta lotse. Ya tuna wannan sarai, ya kuma tuna fuskar Zayyanu a bayan rumfar mai shayi.

"Ɗana, bara ai sai haƙuri," ya ce, yana girgiza kai. "Ruwa yac ci rabi, tsuntsaye sunka ci saura. Ɗan abin da munka kai musu, kunya ma mutum ka ji."

"Wallahi haka na," in ji wani daga Kambaza. Sai ajin ya ɗauka gaba ɗaya. Wannan ya ce ambaliya, wancan ya ce tsutsa, har da wanda ya ƙara aure da kuɗin shinkafar yana rantsuwa bai mai da iri ba.

Shamsuddeen ya dube su. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Baba, ba ku muka zo ƙirgawa ba. Ko kwabo ba za a karɓa a hannunku ba. Abin da muke bi haƙƙinku ne, na asibitinku da hanyarku da wannan ajin da rufinsa ke yoyo."

"Mun ji, ɗana. Allah shi yi maka albarka. Abin da munka sani ke nan."

Lauyan kamfani na zaune a gefe, rubutu kawai yake yi. Da aka tashi har bakin ƙofa ya raka dattawa. Malam Abdulgani ya koma Masama da la'asar zuciyarsa wasai, ya ce wa Delu ta kwantar da hankalinta, yaro na nan daram.

Shinkafar rani ba ta kai ga yanka ba, wata Talata da rana tsaka sai ga Zayyanu da jakarsa. Delu na ganinsa ta saki taɓarya, don ba ranar zuwansa ba ce. Ya zauna a bakin rumbu ya ba su labari a hankali. Bincike ya mutu, tunda manoma da bakinsu sun shaida babu shinkafa. Hukuma ta sallami kamfani ba ta bin sa komai. Da ma sallamar yake jira, don shekarun sassaucin harajin da aka ba shi sun ƙare, wata ƙasa kuma ta yi masa tayin sabo. An fara kwance injina. Ma'aikata kuwa ba kuɗin sallama, tunda kamfanin da ya faɗi ba shi da abin bayarwa.

Delu ta yi kuka har muryarta ta dushe. Malam Abdulgani ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce ga gona, ga shanu biyu. Zayyanu ya ce to in an noma wa za a sayar wa? Abokansa sun samo masa gurbi a ramin zinariya, kuma ya riga ya amsa.

Ranar tafiya tsohon ya rako shi tashar Gwandu, shi ya ɗauko masa jakar da kansa, abin da bai taɓa yi wa ɗa ba. Ya yi ta neman kalmar da za ta tsayar da yaron, bai samu ba. Sai addu'a yake ta maimaitawa. Direba ya tada mota. Zayyanu ya leƙo ta taga, idonsa a ƙasa.

"Baba, na so in manta. Ranar da anka sallame mu manaja ya ce in gaishe ka."

"Ni?"

"Ya ce duk cikin manoma babu wanda yat taimake su kamarka."

Motar ta fita daga tasha ta hau titi. Malam Abdulgani ya ɗaga hannu zai yi bankwana, hannun ya ƙi kaiwa sama.